Ranar da Jinkar Baba Ta Tafi Gona

Kwanan baya ina gona da hantsi iska ta taso, sai na ji wata ƙara a bisa kaina, fat-fat-fat, kamar tsuntsaye sun faɗa tarko. Na ɗaga kai, ashe leda ce, baƙa da fara, ta maƙale a ƙayar gawo tana kaɗawa. Na duba ƙasa, nan ma ita ce, rabi a binne rabi a waje. Ba ni da bakin zagin kowa a kan wannan. Shekara da shekaru ina zaune a ɗan butik ɗina a bakin kasuwar Matameye, wanda ya sayi sukari in ɗaure masa a leda, wanda ya sayi gishiri in ɗaure masa a leda, har wanda ya sayi ashana ya ce a sa masa a ciki, in sa. Kuma ni da kaina na sa aka kwaso jujin unguwa a amalanke aka zuba a gonar nan da sunan taki, don ƙyuyar tsayawa in tsince. Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Allo na yi, sai ɗan abin da na tsinta a ajin manya, lekol kuwa, wato makarantar boko, ban taka ba. Amma tsayuwar da na yi a ƙarƙashin gawon nan ta tuna mini wani abu da na gani da idona ina saurayi, na ce bari in rubuta shi tun da sauran hankalina.

A lokacin da muka taso, duk abin da ke cikin gida daga ƙasa ya fito, kuma ya san hanyar komawa. In an aike ka wurin mahauci, tsinken kaba zai zura wa naman ya ƙulla, ka riƙo shi yana lilo. Mai ƙosai ta naɗe maka a ganye, mai daddawa ma haka. Hatsi a kwando, gari a ƙwarya, a rufe da faifai. Tuwo a akushi, fura a ƙoƙo da ludayin duma. Igiyar guga ta kaba ce, mangalar jaki ta kaba ce, tabarmar da aka haife ka a kai da wadda za a naɗe ka a ciki duk kaba ce. In ƙwarya ta tsage, gyartai na yawo gida gida yana kira, a ba shi ya ɗinke ta, ta ƙara shekara. In ta tsage inda ba ta ɗinkuwa, a ba kaji su sha ruwa a ciki. In ta gama wannan ma, sai juji. Jujin lokacin kuwa ba abin ƙyama ba ne, dukiya ce. Toka da kashin awaki da tsohon darni da ɓawon gyaɗa da guntayen faifai, duk su taru su dahu wuri ɗaya, in ka tona da rani ka ji ɗumi na fitowa, baƙi wuluk, mai ƙanshi kamar ƙasar da ta sha ruwan farko. Maƙwabta sukan yi rigima a kan iyakar juji yadda ake yi a kan iyakar gona. Da sanyin safiya ba ka jin komai a hanyar bayan gari sai takun jakai da muryar masu kora su, kowa na kai wa gonarsa abincinta.

Babana ya rasu a tsakiyar wata damina, ya bar Inna da ni da ƙannena ƙanana. Ni ne ɗan fari, shi ya sa Inna ba ta taɓa kiran sunana ba har ta bar duniya, sai dai ta ce “kai” ko “wannan”. Bayan ta fita takaba aka raba gonar kakanmu tsakanin gidanmu da gidan Baffa, yayan babana. Ba a zalunce mu ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Amma rabon da ya faɗo mana rabinsa rairayi ne mai ɗan dama, rabinsa kuwa faƙo ne, irin jar ƙasar nan mai tauri da in ka sare ta da fartanya sai hannunka ya amsa. Ruwa in ya sauka a kanta ba ya tsayawa, gudu yake ya wuce kamar an zuba shi a kan tasa. Ko ciyawa ba ta yarda ta fito a wurin.

Baffa ya zo gidanmu bayan la'asar, aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Inna ta durƙusa daga gefe, ta kau da kai.

Ya ce, “Uwar yara, ki saurare ni da kyau. Rabin gonar nan ba zai ciyar da ku ba, ɗaya rabin kuwa dutse ne. Ki kwashi ƙananan ki koma Tsauni wurin 'yan'uwanki. Wannan babban ya dawo gidana, in rani ya yi ya bi yarana ci-rani.”

Inna ta ce, “Yaya, a bar mu mu ga damina ɗaya a gidan nan. In kaka ta yi rumbu bai samu abin da zai riƙe mu ba, ni da kaina zan ɗaure kaya, ba sai an ce mini ba.”

“Da me za ki nome faƙo? Ko ƙarti sun gagara.”

“Gara zan kira, Yaya.”

Baffa ya yi 'yar dariya, ba ta raini ba, irin ta wanda ya ji tausayi. Kowane manomi ya san ana shimfiɗa kara ko tsohuwar zana a kan faƙo, gara ta zo ci, ta huhhuda ƙasar daga ciki, iska kuma ta kawo rairayi ya maƙale a wurin. Amma ɗan wuri ake yi wa haka, kamar faɗin tabarma biyu. Ba wanda ya taɓa tunanin rufe rabin gona. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce, “To, damina ɗaya. Allah ya ba da sa'a.”

Daga ranar muka zama masu bin abin da mutane suka gama da shi. Inna ta shiga gida gida tana roƙon tsohuwar tabarma, da faifan da ya zare, da kwandon da gindinsa ya fita, da zanar da aka sauke. Mata suna ba ta suna dariya, wata ta ce, “Ko kin fara gyartai ne?” Inna ta ce, “A'a, baƙi nake da su masu yawa, kuma ba sa zaɓen abinci.” Ni kuma aikina shi ne kasuwa. Garinmu garin rake ne, ranar kasuwa kowa na tafe yana ɓare yana tauna yana tofarwa, in aka watse sai ka ga wurin ya yi fari fat da ɓawo. Washegari da sassafe in je da jakinmu da tsintsiyar kaba in share in cika mangala. A lokacin na fara tsayar da gemu, na fara wanke riga don a gan ni, ka ga kuwa ba aikin da nake so a same ni a kai ba ne. Abokaina in sun hango ni sai su ɗaga murya, “A ba da hanya, ga angon juji nan!” Akwai wata yarinya mai tallar fura da nake so a raina ban taɓa faɗa mata ba, rannan ta tsaya a kaina da ƙwaryarta ta ce, “Sarkin shara, in za ka zo zance ka taho da tsintsiyarka, ƙofar gidanmu ma na bukata.” Na koma gida na sauke wa Inna fushina, na faɗa mata maganganun da ɗa bai kamata ya faɗa wa uwa ba. Allah ya yafe mini. Ita kuwa sai ta miƙo mini kunu ta ce in sha tun da zafinsa.

Wata safiya muna gona tun rana ba ta fito ba, ta kira ni inda muka fara shimfiɗa kayan. Ta ce, “Kai, durƙusa. Yi shiru.” Na durƙusa na kara kunne kusa da wata tsohuwar zana. Sai na ji wata 'yar ƙara, siririya, ba ta yankewa, kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Ta ɗaga gefen zanar a hankali. Ƙarƙashinta duk gara ta yi gini, ta lulluɓe karan da jar ƙasa, kuma ƙasar da fartanya ke tsalle a kanta ta cika da ƙananan ramuka. Inna ta tura yatsa, ya shige. Ta mayar da zanar yadda take kamar mai rufe jariri, ta ce, “Ka ji su? Sun riga ka fitowa, kuma ba su yi wa kowa gunaguni ba.” Tun daga ranar ban sake kallon gara da ido ɗaya ba. Mun saba tsine mata in ta hau rumbu ko ta ci tufafi, ashe aikin da aka halicce ta don shi take yi, mu ne muke ajiye mata abin da ba nata ba a hanya.

Amma da zafi ya fara shigowa sai kaya suka ƙare. Kara ya yi tsada a idon kowa, wani na ba dabbobi, wani na hura wuta. Gidajen da Inna ke shiga sun ba da duk abin da za su bayar. Mun rufe gefe da gefe, amma tsakiyar faƙon, inda ya fi ko'ina tauri, tana nan a buɗe tana ƙyalli kamar masussuka. In ba a rufe nan ba, ruwa zai taru a kai ya gangaro ya kwashe abin da muka shimfiɗa a ƙasa da shi. Kwana da kwanaki Inna na zuwa ta tsaya a wurin ta dawo.

A tsakar gidanmu akwai ɗakin Baba, zagayayye, na ƙasa, da jinka a kai. Tun da ya rasu ba mai kwana a ciki. Shi ya yanko gambar jinkar da hannunsa a raninsa na ƙarshe, ya yi mata kauri sosai don yana cewa ba ya son ya sake hawa sama nan kusa. Wata rana da yamma na ga Inna tsaye tana kallon ɗakin. Ta ce, “Gobe ka kira mini abokan nan naka masu baki. Mu ga ko wuyansu ya kai bakinsu ƙarfi.”

Suka zo kuwa, don ta dama fura mai yawa kamar ta gayya. Muka kwance ɗaurin, muka shiga ƙarƙashi muka ɗaga jinkar gaba ɗaya da tsaikonta, wato itatuwan da ke riƙe da ita, muka ɗora a ka. Mun saba ganin an ɗaga jinka daga ƙasa an ɗora a kan sabon ɗaki, amma ba wanda ya taɓa ganin an sauke ta an fita da ita gari. Mu da ke ciki ba ma ganin komai sai ƙafafun juna da baƙin hayaƙin da ya kama ciyawar, yana zubo mana a ido. Ƙamshin ɗakin Baba ne sak, hayaƙi da man shanu da tsohuwar fata. Daga waje kuwa sai ihun yara muke ji, da wata tsohuwa tana salati tana cewa, “Jama'a ku fito, ɗaki na tafiya!” Inna na biye da mu, ta ɗauko asabarin ƙofar da tabarmar Baba a ka.

Mun kai kusa da masallacin unguwa sai muka ji muryar Baffa. “Ku tsaya nan!”

Muka tsaya. Ba dama mu sauke a tsakiyar hanya, ba dama mu wuce.

Ya ce, “Uwar yara, ɗakin ƙanena ne wannan? Ko shekara bai yi a ƙasa ba, za ki kai ɗakinsa juji?”

Inna ta durƙusa da kayanta a ka. “Ba juji ba, Yaya, gonarsa. Ɗakin nan ba mai kwana a ciki, gara ta riga ta fara hawa tsaikon. In na bar shi za ta cinye shi a gida, mu share mu zubar. Gwamma ta ci shi a inda 'ya'yansa za su samu tuwo.”

“Tare muka ɗora jinkar nan da shi.”

“Na sani. Ni na kawo muku ruwa.”

Wuyanmu na rawa, gumi na shiga mana ido. Can sai wanda ya fi kowa tsokanata a cikin abokaina ya yi magana daga ƙarƙashin ciyawa, da muryar ladabi, ya ce, “Baffa, a yi haƙuri a yanke hukuncin da sauri, wuyan talakawa zai karye.” Mutanen da ke zaune a gindin masallaci suka fashe da dariya. Baffa bai yi dariya ba, amma mun ji takunsa ya matsa gefe. Ya ce, “Ku wuce. Maganata dai tana nan. In kaka ta yi rumbu ba komai, Tsauni.”

Muka kai ta tsakiyar faƙon muka sauke. Muka yanke ɗaurin tsaikon, jinkar ta baje a ƙasa, zagayayya, ta rufe wurin kamar don shi aka auna ta. Muka danne da itatuwan, muka kewaye da ƙaya saboda dabbobi. Inna ta shimfiɗa asabarin da tabarmar a inda ya rage, ta juya ta kama hanyar gida ba ta waiwaya ba. Da daɗewa bayan haka na gane cewa abin da ta yi ya fi mata ciwo fiye da yadda ya yi wa Baffa, don duk safiya in ta fito, bangon ɗakin ne a gabanta, a buɗe yana kallon sama.

Iskar bazara ta yi ta kawo rairayi yana maƙalewa a ciyawar, har jinkar ta fara nutsewa. Da ruwan shuka ya sauka muka fita da asuba, ina sara da sungumi, Inna da ƙannena na bina suna zuba iri suna takewa da diddige. Da na iso inda jinkar take na ɗaga sungumi da ƙarfi yadda na saba, sai ya shige har ya kusa kayar da ni. Ciyawar ta zama gari, ƙasar ta yi laushi ta yi duhu, ruwan jiya kuwa bai gudu ba, ya shige ciki.

Ba zan ce duk gonar ta yi kyau ba, ƙarya ba ta da amfani ga tsoho. Inda ɓawon raken bai yi kauri ba geron ya fito gajere, wani wurin ma ya ƙone tun bai yi kai ba. Amma a tsakiya, inda ba a taɓa ganin ko tsiron ciyawa ba, gero ya tashi baƙi-baƙi, ya fi mutum tsawo, kuma ya tashi a zagaye, daidai faɗin ɗakin Baba. Daga hanya kana hango shi tsaye shi kaɗai. Masu wucewa zuwa Dungu sukan tsayar da jaki su yi kallo.

Ana gab da girbi Baffa ya zo gonar, ya same mu muna korar tsuntsaye. Ya yi sallama. Ya nufi zagayen nan, ya raba karan da hannu ya shige ciki, muka daina ganinsa. Ya daɗe. Inna ta tsaya da gwangwanin korar tsuntsu a hannu, ba ta kaɗa ba, ni kuwa na san abin da ke sauran gonar ba zai cika rumbu ba. Da ya fito idonsa ya yi ja, yana riƙe da zangarniya ɗaya mai kauri. Ya juya ta a hannu, ya ce, “Ashe ƙanena bana ma ya yi noma.” Sannan ya dubi Inna. “Uwar yara, in kin ɗaure kaya ki kwance.”

Rumbu bai cika ba a shekarar, kuma Baffa bai taɓa zuwa ya leƙa ba. Da abin ya yi ƙasa sai mu wayi gari mu ga dami a zaure, ba a ce daga ina ba. Da rani ya zagayo shi da kansa ya aiko mana da tsohuwar zanarsa. A gidan muka girma gaba ɗayanmu, a gidan aka yi wa ƙannena aure, faƙon nan kuwa ya zama inda ya fi ko'ina ba da hatsi.

Abin da nake jinjina wa kayan lokacin shi ne sun iya ƙarewa. Su yi maka aiki iyakar ƙarfinsu, in sun gaji su kwanta su zama abincin wani abu. Kayan yanzu sun fi sauƙi, sun fi haske, ba sa tsagewa da wuri, ban musa ba, ni ma butar roba nake alwala da ita. Amma ba su san mutuwa ba. Jujin da na sa aka zuba a gonar Inna, damina ta wuce a kansa ta sake wucewa, in na sa fartanya sai ta fito da leda da zanenta da launinta kamar jiya aka saya. Na ga inda gara ta yi gini ta zo kan leda, ta kewaye ta, ta tafi abinta. Saiwar gero in ta ci karo da ita sai ta lanƙwashe. Mahauta suna yanka akuyar da ta rame ba dalili su ciro dunƙulen leda daga tumbinta. Yanzu da hannu nake bi ina tsincewa, da wannan bayan nawa da ba ya son sunkuyo, ina istigfari. A butik ma na gwada cewa kowa ya zo da kwanonsa, suka koma wurin maƙwabcina, ban yi sati ba na karaya na ci gaba da ɗaurawa. Ina jin yaran yanzu masu karatu suna maganar a koma yin jaka da abin naɗi da za su ruɓe a ƙasa. Allah ya yi musu albarka, ya sa su fi ni ƙarfin zuciya. In sun kawo, a ajiye ɗaya a bayan gari a ga ko gara za ta karɓa.

Jiya bayan azahar ina kishingiɗe a ɗakina, sai na kama kaina ina bin kayan ciki da ido ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina, in yau 'ya'yana suka shiga halin da muka shiga, me za su sauke daga gidan nan su kai wa ƙasa? Bango siminti, rufi kwano, tabarma roba, kujera roba, labule ma ba na auduga ba ne. Mai ɗakina ta shigo da abinci ta same ni ina ta waige-waige.

Ta ce, “Malam, me ya ɓata?”

Na ce, “Ba abin da ya ɓata. Ina duba abin da gara za ta iya ci ne a ɗakin nan.”

Ta ajiye kwanon, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta dube ni. Ta ce, “Ai kuwa sai kai.”

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Da ta fita na ga gaskiya ta faɗa. Allah ya sa in ƙasa ta karɓe ni, ta samu abin amfani.